Feshin roba a bodin a-kori-kura: iyakar da ta dace da motocin Yagwa

Feshin roba wani ruwan sinadari ne mai kauri da ake fesawa a bodin a-kori-kura, ya daskare ya zama fata guda manne da ƙarfe, babu ɗinki babu mahaɗi. Yana raba ƙarfe da ruwa, yana ɗaukar gogar kaya a madadin fenti, kuma da yake fuskarsa mai kaushi ce yana rage zamewar buhu da duro idan an taka birki. Mai motar da ya yi niyyar wannan aiki sai ya tsai da magana kafin a buɗe gwangwani: daga ina feshin zai fara, a ina kuma zai tsaya. Wani dabe kawai yake rufewa. Wani yana haɗawa da bangon ciki ya tsaya a ƙarƙashin leɓen bodi, wani ya haye leɓen ya rufe samansa, akwai kuma mai son a bi motar gaba ɗaya har ƙofofi da bonet. Kowane mataki da kuɗinsa da nauyinsa, kuma abin da ya ishi motar ofis a Yawunde ba zai ishi motar da ke jigilar shinkafa a gaɓar Logon ba.

Bodin da ya fito daga kamfani farantin ƙarfe ne mai kaurin kimanin milimita 1, an matse shi ya yi kwari da tudu don ya ƙara ƙarfi. Duk fentin da ke kansa, daga shafin farko har na sama, kaurinsa kashi ɗaya ne cikin goma na milimita da 'yan kai. Wannan ya isa kare ƙofa da rufin mota shekaru da dama, tunda ba a jan komai a kansu. A dabe kuwa, jan injin ban-ruwa sau ɗaya ya isa ya kankare shi har farin ƙarfe ya fito. Daga nan ruwa da iska ke kama aiki. Tsatsa ba ta tsayawa a bakin kujewar, bi take yi ta ƙarƙashin fenti tana ɗaga shi, kuma ta fi sauri a inda gishiri ya taɓa ko inda danshi ke kwana, wato kusurwoyi, da mahaɗar faranti biyu, da kwarin dabe da laka ta cika.

Kayan da motar Yagwa ke ɗauka

Yagwa ita ce hedikwatar yankin Mayo-Danay a Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kusa da kogin Logon, tana fuskantar garin Bongor na Cadi. A kan shinkafa arzikinta ya ginu. A 1971 aka kafa kamfanin SEMRY don bunƙasa noman shinkafar ban-ruwa, a 1979 kuma aka gina madatsar Maga mai tsawon kilomita 27, wadda tafkinta ke shayar da gonaki, ya kuma zama matattarar masunta. Filayen ban-ruwa na Yagwa da na Maga idan aka haɗa sun haura hekta 11,000. Tsakanin gona da injin casa, tsakanin ƙauye da kasuwa, akwai hanyoyin da babbar mota ba ta iya bi, musamman kan gaɓar magudanai. A nan Hilux da Land Cruiser da Mitsubishi L200 ke aiki, tare da abin da ya rage na tsofaffin Peugeot 504 da kekunan kaya masu ƙafa uku.

Babban abokin gābar dabe a wannan yanki shanshera ce. Ƙaiƙayin shinkafa yana ƙunshe da silika, sinadarin da ke cikin yashi, har kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Buhu ba ya rasa ɗan huji. Ƙwayar da ta zube tana shiga tsakanin buhu da ƙarfe, nauyin kaya ya danne ta, gargadar hanya ta riƙa motsa ta gaba da baya kamar samfefa tun daga gona har gari. Wanda ya duba bodin motar da ta yi kaka ɗaya tana wannan aiki zai ga saman tudun dabe yana ƙyalli, kwarin kuma ya yi ja.

Na biyu takin zamani. Manoman shinkafa na buƙatar yuriya, manoman auduga kuma na karɓar taki ta hannun SODECOTON, kamfanin da aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa. Yuriya tana jawo danshi daga iska ta narke, takin NPK kuma galibi yana ɗauke da gishirin fotash mai cin ƙarfe. Tafin hannu ɗaya da ya maƙale a kusurwa ya isa ya riƙe wurin a jiƙe mako da makonni. Haka kanwa da gishirin shanu suke yi, haka ruwan ɗanyen kifi daga Maga da Logon, haka fitsarin awaki da tumakin da ake kaiwa kasuwa. Simintin garin Figil shi kuma idan ya sha ruwa daskarewa yake a kwarin dabe ya toshe mafitar ruwa.

Sai ruwan kansa. Damina a nan gajeruwa ce amma mai nauyi, daga Yuni zuwa farkon Oktoba, kuma ƙasar laka ce mai danƙo wadda ke manne wa ƙarƙashin mota ta ƙi bushewa. Yankin ya sha ambaliya mai tsanani a 2012 da kuma 2024, shekarar da gadar da ke haɗa sassan garin Yagwa ta karye a watan Satumba. Motar da ke keta ruwa har ya kai gindin bodi tana jiƙa ta sama da ta ƙasa. Gadar Yagwa zuwa Bongor mai tsawon mita 620, wadda aka buɗe a 2025, ta sauƙaƙa wa mota tsallakawa da kayanta, abin da ke nufin ƙarin lodi da sauke-sauke a kan bodi ɗaya.

Sinadarin da nau'o'insa

Asalin sinadarin foliyuritan ne, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. Amfani da shi a bodin a-kori-kura ya bazu ne daga shekarun 1980. Kamfanin Rhino Linings ya fara aiki a San Diyego ta Amurka a 1988, wanda ya kafa shi daga Afirka ta Kudu ya zo da sana'ar, Line-X kuma ya biyo baya a 1993. A yau ana amfani da foliyuritan, ko ɗan'uwansa foliyuriya mai saurin daskarewa, ko gaurayen biyun. Dukansu ruwa biyu ne da ake haɗawa: ɗaya ƙaro ne, ɗayan kuma sinadarin aisosayanet mai sa shi ya sandare.

Hanyar fesawa iri biyu ce, kuma bambancinsu yana shafar batun iyaka kai tsaye. Ta farko ana ɗumama ruwan biyu zuwa digiri 60 ko 70, inji ya turo su da matsin da ya ninka na tayar mota sau 50 ko fiye, su haɗu a bakin bindigar feshi, su daskare cikin daƙiƙu. Wannan ita ce ke ba da kauri na milimita 2 zuwa 3, har ma fiye, amma injinta mai tsada ne kuma yana son wutar lantarki mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Ta biyu ita ce mai sanyi, wadda duk mai fentin mota da ke da kwampreso a Yagwa ko Marwa ko Garwa zai iya yi. Misalinta Raptor na kamfanin U-POL na Ingila: ana zuba mililita 250 na mai sandarwa a kwalba mai mililita 750, a girgiza, a ɗaura bindiga a fesa. Irin wannan yana ɗauke da tina da ke tashi ta bi iska, don haka abin da ke saura a kan ƙarfe bai cika kai milimita 1 ba sai an yi shafi da yawa. Yana kare ƙarfe daga ruwa da ƙananan kujewa sosai, amma ba ya shanye dukan duro ko bulo kamar mai kauri.

Lissafin fili da kauri

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya kamata mai mota ya yi shi da kansa kafin ciniki. Lita 1 ta sinadarin da ba shi da tina tana rufe murabba'in mita 1 da kaurin milimita 1. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa da faɗinsa kowanne kimanin mita 1.5 ne, zurfinsa kusan rabin mita. Dabe ke nan ya tashi murabba'in mita 2 da kwata, bango uku da cikin ƙofar baya su ba da kimanin 3. Idan aka ƙara lanƙwasar dabe da doron tayoyi, jimilla ta doshi 6. A kaurin milimita 2 ana buƙatar lita 12, nauyinsu kusan kwatan buhun siminti. Mota mai ƙofa biyu, wadda bodinta ya kai mita 2.3, dabenta kaɗai ya kusa murabba'in mita 3 da rabi.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne faɗi da kauri daga aljihu ɗaya suke ci. Mai lita 6 zai iya rufe cikin bodin duka da milimita 1, ko kuma ya zuba mafi yawansu a dabe ya samu milimita 2. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kaurin a matsayin abu ɗaya a ko'ina. Dabe da doron taya da cikin ƙofar baya su ke son kauri. Bango rabin haka ya ishe shi, domin jingina kaya ke yi da shi, ba a jan komai a kansa.

Daga dabe zuwa leɓe

Rufe dabe kawai shi ne mafi araha, kuma yana ɗaukar mafi yawan goga. Rauninsa yana a gefe. Duk inda feshi ya ƙare akwai baki, kuma idan bakin ya faɗo daidai kusurwar da dabe ya haɗu da bango, to an ajiye shi ne a wurin da ruwa da taki suka fi taruwa. Ruwan zai nemi hanya ta ƙarƙashin bakin, tsatsa ta ci a ɓoye, robar ta fara ɓarewa daga gefe. Wanda kuɗinsa bai wuce na dabe ba, sai ya sa a hau bango da aƙalla taƙi ɗaya, a rufe doron tayoyi gaba ɗaya, yadda ƙasan bodin zai zama tasa guda mai riƙe duk abin da ya zube har a wanke. Wannan iyaka ta dace da motar da kayanta busassu ne kuma marasa tsawo.

Mataki na gaba shi ne bangon ciki duka, a tsaya a ƙarƙashin leɓe. Daga waje motar tana nan da fentinta na kamfani, ba a ganin komai, shi ya sa masu motocin ofis da masu niyyar sayarwa nan gaba suka fi son wannan. Yana kuma da fa'ida ta zahiri: bakin feshin yana ɓoye a ƙarƙashin lanƙwasar leɓe inda kaya ba sa kai masa, ba ya kuma buƙatar ƙwarewa sosai wajen fitar da layi. Bangon da bai kamata a yi wa rowa ba shi ne na gaba, wanda ke bayan ɗakin direba. Duk birkin da aka taka a kansa kaya ke faɗawa, kuma a gindinsa ƙura da ƙaiƙayi ke taruwa domin tsintsiya ba ta cika kaiwa can ba.

A kan leɓen ne ra'ayoyi suka fi rabuwa, kuma a nan ne yanayin aikin Yagwa ya fi nuna hanya. A ƙasashen da ake lodi ta ƙofar baya da injin ɗaga kaya, leɓe yana iya shekara goma ba a taɓa shi ba. A bakin gona ko a kasuwa kuwa ta gefe ake lodi. Ɗan dako yana kawo buhu a kai ko a kafaɗa, ya dire shi a kan leɓe, yaron mota ya ja shi ciki. Kaya suna haura tsayin bodi, sai a ɗaure su da igiya, igiyar ta ratsa kan leɓe ta sauka zuwa ƙugiyar waje, a ja ta da ƙarfi, kuma duk tafiyar tana gurzar wuri ɗaya. Rodi da katako da gora a kan leɓen suke kwanciya. Fasinja a kansa suke zama, a kansa suke taka ƙafa su hau. Saboda haka a mota mai irin wannan aiki leɓe ne ke fara tsatsa bayan dabe, tsatsar tasa kuma tana gangarowa ta ɓata fentin gefe.

Filin leɓe bai kai rabin murabba'in mita ba, don haka sinadarin da zai ci kaɗan ne. Tsadarsa a hannun ma'aikaci take. Bakin feshin zai fito fili a jikin mota, dole ya miƙe, dole kuma ya sauka kaɗan a gefen waje yadda igiya za ta hau kan roba ba tare da ta kama bakinta ba. Idan layin ya tsaya daidai kan kaifin lanƙwasa, igiyar farko za ta fara ɗaga shi. A feshi mai kauri ana amfani da tef mai zaren waya a ciki, a ja zaren ya yanke robar a miƙe. A mai sanyi ana cire tef tun robar ba ta gama sandarewa ba. Ga motar haya da ta noma a Mayo-Danay, hayewa leɓe shi ne zaɓin da ya fi dacewa, muddin an samu mai fentin da hannunsa ya faɗa. Wanda zai ɗora rumfar roba ko murfin kamfani a bodin shi ne ya kamata ya dakata ya auna, domin kaurin feshin na iya hana murfin zama daidai.

Ƙofar baya ba ta buƙatar dogon tunani. Idan an sauke ta ita ce gada, ita ce teburi, ita ce wurin da ake mirgino duro da babur. Cikinta da saman bakinta suna son kauri daidai da na dabe. Sai dai a cire ɗan farantin da ke rufe sakata a fesa shi daban, a mayar, don makaniki ya samu hanyar gyara ranar da sakatar ta ƙi buɗewa.

Akwai wuraren da feshi ba zai taɓa ba ko da wace iyaka aka zaɓa. Ramukan fitar ruwa da ke gaban dabe su ne na farko: a toshe su da wani abu lokacin feshi, a buɗe bayan an gama. Bodin da aka rufe wa waɗannan ramuka yana tara ruwan sama, kuma idan motar ta kwana gabanta na gangare, buhunan ƙasa a ruwa za su kwana. Haka notunan da suka ɗaure bodi da shasi, da hinji, da bakin sakata, da ƙugiyoyin ɗauri. Noti da roba ta binne sai an yanka kafin sifana ta kama shi, yankan kuma sabuwar ƙofa ce ga ruwa.

Walda kafin feshi

Da wuya a-kori-kurar haya ta daɗe a arewacin Kamaru ba a ƙara mata ƙarfe ba. Ana ɗora keji don kaya su hau sama, ko sandunan tamfol, ko benci, ko ƙarin ƙugiyoyi. Duk wannan sai a gama shi kafin feshi. Zafin walda yana ƙona robar a kewayen wurin, yana kuma sake ta daga ƙarfe har nesa da inda ido ke gani. Mafi muni, foliyuritan idan ya ƙone yana fitar da hayaƙi mai guba wanda ya ƙunshi aisosayanet da sayanid, kuma mai walda a kansa yake sunkuye. Idan an gama walda a gurje ta, a cike tsagar da ta rage tsakanin ƙafar keji da leɓe, sannan feshin ya hau ƙafar da 'yan santimita. Gindin keji na cikin wuraren da suka fi saurin ruɓewa, domin walda ta riga ta ƙone kariyar kamfani a ciki da waje.

Jikin waje da ƙarƙashi

Daga nan amfanin feshin ke fara raguwa. Ƙasan ƙofofi da gefen bodi na bayan taya suna shan jifan tsakuwa a hanyoyin burji da kuma inda kwalta ta farfashe, kamar yadda direbobin da ke bi ta Gidigis da Kaele suka sani, don haka siririn layi a nan yana da hujja. Bin motar gaba ɗaya kuwa kuɗi ne mai yawa a kan wurin da ba ya shan goga. Fuska mai kaushi tana riƙe ƙurar hunturu, wanki ya yi wuya. Idan aka yi karo, fanel-bita ba zai iya buga wurin ya shafe shi ya saje da sauran ba sai ya kankare fili mai faɗi. Mai saye kuma yana da dalilin yin zargi, domin roba mai kauri tana ɓoye bodi-fila da tsohuwar tsatsa.

Ƙarƙashin bodi matsala ce ta daban. Yana buƙatar kariya ƙwarai a ƙasar laka, amma ba a iya gurje shi da kyau sai an sauke bodin daga shasi, kuma roba mai tauri a kan ƙarfen da ba a tsabtace ba tana kulle danshi a ciki. Idan ba za a sauke bodi ba, wanke laka da ruwa mai ƙarfi bayan kowace tafiyar damina, da fesa maganin tsatsa mai maiƙo wanda ke shiga tsaga, sun fi amfani. Baƙin shafi mai kwalta da ake sayarwa don ƙarƙashin mota nan ne wurinsa. A cikin bodi ba ya aiki, domin rana na tausasa shi ya manne wa buhu.

Zafi ya shafi launi ma. A Maris da Afrilu da Mayu zafin Yagwa yana haura digiri 40 a inuwa, baƙin dabe a tsakar rana kuma yana kai matakin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Ga motar da ke ɗaukar mutane, dabbobi, kifi ko albasa, toka-toka ko ruwan ƙasa ya fi baƙi, musamman a leɓe. Sai dai nau'in sinadarin mai araha yana dusashewa a rana, fuskarsa ta yi gari-gari, mai haske kuma ya koma rawaya. Nau'in da ke jure rana ya fi tsada, kuma ana iya taƙaita shi ga shafin sama.

Shirin ƙarfe da lokacin aiki

Ko wace iyaka aka zaɓa, ƙarfinta a kan shiri yake. Robar ba ta kama fenti mai santsi, ba ta kama maiƙo, ba ta kama tsatsa. Ana wanke bodi a cire man dizal da bakin mai, a bi ko'ina da samfefa mai kaushi har sheƙin fenti ya mutu, a gurje tsatsa har farin ƙarfe, a shafa wa ƙarfen da ya fito shafin farko mai hana tsatsa, sannan a goge ƙura. Motar da ta daɗe tana ɗaukar taki ko kanwa tana buƙatar wanki da ruwa mai yawa sau da dama, domin gishirin da ya rage a ramukan tsatsa zai ci gaba da jawo danshi a ƙarƙashin robar. Inda dabe ya huje sai mai walda ya yanke ya sa sabon faranti. Wannan shiri ya fi feshin kansa cin lokaci, kuma kowane murabba'in mita da aka ƙara a iyaka, an ƙara aikin gurza ke nan. Gara fili kaɗan da aka shirya da kyau da fili mai yawa da aka yi wa sama-sama.

Aisosayanet yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iska, wadda ke barin ƙananan kumfa da ramuka a cikin robar. Shi ya sa damina ba lokacin wannan aiki ba ce, haka ma sanyin asuba idan raɓa ta sauka a ƙarfe. A bazara haɗin da ya kamata ya ba da kusan awa ɗaya yana iya kauri a kwalba kafin a gama, ƙarfen da ya sha rana kuma yana busar da feshin tun bai kwanta ba. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, a cikin rumfa mai kariya daga ƙura. Ya kamata a duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin gwangwani, domin kayan da ya taso daga Duwala ya bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ya hau mota zuwa arewa, ya kuma zauna a shago mai rufin kwano, mai sandarwarsa na iya lalacewa. Idan ya yi kauri ko ya yi gudaji, ya tashi daga aiki.

Lafiyar mai feshi ba ƙaramin batu ba ne, kuma tana da alaƙa da faɗin aikin, tunda yawan fili yawan shaƙa ne. Aisosayanet na cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ya isa ya toshe masa numfashi. A 2003 wani ma'aikaci a jihar Mishigan ta Amurka ya mutu bayan ya fesa irin wannan roba a cikin motar kaya, a 2006 kuma hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata ta fitar da gargaɗi na musamman a kan sana'ar. Ƙyalle ko takunkumin takarda ba sa tare shi. Abin da aka yarda da shi shi ne takunkumi mai kawo iska mai tsabta ta tiyo, da safar hannu, da rigar da ta rufe jiki, a kuma nisantar da yaran gareji da masu sayar da abinci daga wurin.

Bayan an gama, feshi mai zafi yana iya ɗaukar kaya washegari, mai sanyi kuwa yana son kwana biyar zuwa bakwai kafin lodi mai nauyi. Robar tana jure ruwa da taki da ɗan zubar dizal, amma ruwan batir da man birki suna ɓata ta idan suka daɗe a kai. Tana kuma raba jarka da ƙarfen mota, yadda wutar da goga ke tarawa ba ta samun hanyar sauka, don haka jarkar fetur a ƙasa ake cika ta sannan a ɗora. Mai ɗaukar bulo da duwatsu zai tsawaita ran dabensa idan ya shimfiɗa tabarmar roba ko katako a kan feshin, yana ɗagawa yana sharewa. Inda garma ko kaifin duro ya yanke robar har ƙarfe, a yanke gefen da ya saki, a gurje, a shafa shafin farko, a cike da sabon haɗi kafin ruwan farko ya sauka.